Littafin mutum uku a kwale-kwale, wai meye sirrinsa da ya ƙi tsufa?

Ɗan_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu karatun littattafan turanci a cikinmu ina da tambaya. Akwai wani littafi Three Men in a Boat na wani bature Jerome K. Jerome, na same shi wajen masu baza tsofaffin littattafai a Yaba, mai sayarwar ne ya matsa min wai indai dariya nake so to in ɗauka. Dana duba sai naga ashe tun 1889 aka fara buga shi, kuma na hannuna ba wani tsohon bugu bane, kenan har gobe ana bugawa ana saye.

Na fara karantawa kuma gaskiya babin farko ya bani dariya sosai, inda mai bada labarin ya shiga laburare ya buɗe littafin likitoci, duk cutar daya karanta sai yaga alamunta a jikinsa, daga taifot har kwalara, guda ɗaya ce tak bai samu ba wato ciwon gwiwar dake kama 'yan aikin gida saboda yawan durƙuso, har ma yaji haushi wai ita meyasa ta tsallake shi. Amma da naci gaba sai naga kamar babu labari. Mutum uku da karensu sunce aiki ya gajiyar dasu zasu hau kogin Thames sati biyu su huta, shikenan fa. Ba soyayya, ba mugu, ba rigimar gado, ba wanda ake nema ruwa a jallo, har babi na 4 ko gida basu bari ba suna ta ɗaurin kaya.

To tambayata, meye a cikinsa da yasa ya wuce shekara 130 ana yayinsa? In daure in ƙarasa ko dariyar a farko ta tsaya? Sannan ina da ƙane ɗan SS2 da nake so turancinsa ya ƙaru, ya dace in bashi?

Malam_IdiAraba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ka daure ka ƙarasa, ai ko bakin ruwan baka kai ba tukuna. Ni turanci nake koyarwa a sakandare nan Legas kuma littafin nan yana cikin waɗanda nake komawa kansu duk sanda kaina ya ɗau zafi.

Rashin labarin da kake gani yana da dalili. Shi Jerome asali ba littafin barkwanci ya zauna rubutawa ba, littafin jagora yaso yi na kogin Thames, ya faɗi garuruwan bakinsa da tarihinsu, abin dariyar ɗan ƙari ne don kada mai karatu ya gaji. Yayi aure a 1888 suka je hutun amarci a kogin shi da matarsa, daya dawo ya kama rubutu. A wata mujalla Home Chimes aka rinƙa fitar dashi kashi-kashi, editan F. W. Robinson ya dinga cire mafi yawan tarihin yana barin barkwancin, har abin ya juye ya zama yadda kake gani. Shi yasa zakaga ana cikin shirme sai kwatsam ya koma bayanin Sarki John da yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 a Runnymede, ragowar wancan littafin na farko ne.

Amma abinda ni nake ganin ya riƙe shi shine su waye mutanen. Kafin lokacin in ka ɗau littafin turawan Ingila yawanci labarin masu sarauta ne da masu gidaje da gonaki, ko kuma talakan da za'a tausaya wa. Waɗannan ukun kuwa ma'aikata ne 'yan albashi masu zaman haya a Landan, George a banki yake aiki, shi yasa ma ranar tafiya bai bisu tun safe ba sai a hanya ya same su bayan ya tashi. Jerome ɗin kansa an haife shi a Walsall a 1859, gidansu ya karye suka koma unguwar talakawa a gabashin Landan, yana ɗan shekara 14 ya fara aikin akawu a kamfanin jirgin ƙasa, iyayensa suka rasu yana yaro, yayi wasan kwaikwayo na yawo gari-gari ya sha wuya har kwanan titi. Mutumin daya san yunwa ne ya rubuta, shi yasa maganar abinci bata ƙarewa a littafin. Kuma lokacin ne irinsu suka fara samun ɗan hutu da ɗan kuɗin jirgin ƙasa, dokar ranakun hutun banki a 1871 aka yi ta, to sai akawuna da yaran kanti suka cika kogin da hayar kwale-kwale duk ƙarshen mako. Manyan masu sharhi sun raina littafin daya fito, mujallar Punch ta rinƙa yi masa ba'a wai harshen 'yan tasha ne, su kuwa mutanen da aka rubuta dominsu sukai ta saye. Bai taɓa yankewa daga bugu ba tun daga ranar.

Sannan George da Harris, abokan tafiyar mai bada labarin, ba ƙirƙira bane, abokansa ne na gaske, George Wingrave wanda daga baya ya zama manajan banki da Carl Hentschel mai sana'ar ɗab'i, tare suke zuwa kogin. Karen ne kawai Montmorency babu shi a zahiri. To wannan abotar ita ce ƙashin bayan littafin. Kowanne cikinsu ya tabbata shi kaɗai yake aiki a jirgin sauran biyun cima-zaune ne, kowa ya san aibin ɗan uwansa ciki da waje yana faɗa masa a ido, amma babu mai tunanin rabuwa. Duk wanda ya taɓa zaman ɗaki ɗaya da abokai a garin nan, mutum huɗu risho ɗaya, ya san rigimar waye zai ɗebo ruwa waye ya cinye ragowar burodi, kuma ya san in ɗaya yayi tafiya gida ɗakin baya daɗi. Mu da muke da wasan barkwanci tsakanin Bagobiri da Bayarabe ko Bafillace da Babarbare ba sai an mana bayanin yadda tsokana take zama zumunci ba.

Ka jira ka kai wajen gwangwanin abarba. Sun gama cin abinci ransu ya biya, sai aka nemi abin buɗe gwangwani babu, Harris ya gwada da wuƙa ta karye ya yanke, George ya gwada da almakashi saura kaɗan ya tsone idonsa, daga nan aka koma dutse da sandar jirgi anata jibga har gwangwanin ya lanƙwashe ya zama wata siffa mai ban tsoro bai buɗu ba, ƙarshe suka wurga shi kogi suna zagi. Babu wani abu a ciki da sai ka san Ingila zaka gane. Shi yasa Rashawa suka ɗauke shi kamar nasu har sukai masa fim a 1979, makarantun Indiya ma sun taɓa sa shi a manhaja.

Ƙanenka kuma ka bashi, amma ka zaɓar masa wurare tukuna kada ka ɗora masa duka lokaci ɗaya.

Maman_Ilham:

Malam ka gama magana wlh, amma ka manta da Kawu Podger, ni ai saboda shi nake son littafin. Mutumin da zai rataye hoto ɗaya a bango sai ya tada gidan gaba ɗaya, a aiki yarinya sayo ƙusa sannan a tura yaro ya bita ya faɗa mata girman ƙusar, wannan riƙe tsani wannan riƙe kyandir wannan miƙo guduma, ya yanke hannu a shiga neman hankici ashe yana aljihun kwat ɗin daya zauna akai, ƙusa ta ɓace in an ganta guduma ta ɓace, sai tsakar dare hoton ya hau a karkace bango duk ya farfashe shi kuma yana tsaye yana yabon kansa. Matarsa tace in zai sake buga ƙusa ya faɗa mata da wuri ta tafi gidan mamanta tayi sati. Na karanta wa yayata wannan wajen ina fassara mata da Hausa, tun kafin in kai ƙarshe ta kama kiran sunan wanda take nufi a danginmu, kowace mace tana da nata Podger ɗin a gida ko miji ko wa ko kawu.

Abinda zance wa Ɗan Agege shine ka lura da yadda mutumin baya cin mutuncin kowa. Yanzu barkwancin da muke gani a waya yawanci sai an muzanta wani, ko mai ƙiba ko mai in'ina ko wata ƙabila, shi kuwa wannan halin mutum yake kamawa, lalaci da cika baki da son ace ka iya, kuma mai bada labarin shima yana ciki tsundum baya ware kansa.

Inda nake da ƙorafi mata kusan babu su, in sun fito ma to 'yan gayu ne da suka shiga jirgi da kayan kwalliya suna tsoron ruwa ya fantsar musu. Sai wuri ɗaya da har yau in na tuna jikina yake sanyi, bayan sun wuce garin Reading suka ga gawar wata mata tana yawo a ruwa. Ashe an yaudare ta ne ta haihu ba aure, danginta suka rufe mata ƙofa, tana aikin awa 12 a rana ana biyanta sule 12 a sati, 6 na mai riƙon yaron 6 nata, da abin ya fi ƙarfinta taje ta faɗa kogi. A nan babu dariya ko kaɗan kuma bai zage ta ba, tausayinta yaji. Wasu na cewa wajen bai dace da littafin barkwanci ba, ni kuma a nan na yarda da marubucin, don irin yaran nan muna ganinsu a garin nan an koro su daga gida suna kwana a tasha da goyo, kuma mu ma rufe ƙofar muke yi. In zaka ba ƙanenka ka san da wannan wajen a ciki, ku tattauna shi tare.

Bakatsinen_Mile12:

Ni dai kuyi haƙuri ban ga abinda kuke gani ba. Na karanta shi lokacin ina poli kuma da ƙyar na kai ƙarshe. Turancin tsoho ne, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, ga kuɗinsu na da da sunayen ƙauyukan da ba ruwana dasu, in ya fara yabon dare da taurari da kogi kamar mai waƙa sai barci ya ɗauke ni. Kuma fisabilillahi mutum uku a ƙaramin jirgi da kare yana shiga cikin kayan abinci yana sa ƙafa a ko'ina har yana kawo musu mataccen ɓeran ruwa a sa a miya, mu wannan ƙyama zai bamu kafin dariya. Ga giya, ba'a jimawa sai an ambaci mashaya ko wuski, shi Harris duk inda aka je ya san wajen sha a kusa. Yaro ɗan SS2 fa ake magana.

Sannan abinda yake damuna Malam, muna da namu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 yake, shima tafiya ce da labari cikin labari, ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ta isa ta sa mutum hawayen dariya kuma da harshenmu. Yaran Hausawa nawa ne a Legas suka karanta shi? Da yawansu ko Hausar basa iya karantawa sai Yarbanci da burokin. Ni da za'a bi tawa a fara basu namu su ƙoshi kafin aje ga kogin Thames.

Sarkin_Ruwa_Ikorodu:

Ni ta ɓangaren ruwa zan shigo tunda ɗan Yawuri ne ni a bakin Neja na tashi, kuma yanzu kusan kullum jirgin ruwa nake bi daga Ikorodu zuwa CMS don gudun gosulo.

Abin daya fara bani mamaki a littafin shine mutum ya biya kuɗi ya hau kwale-kwale ya tuƙa da hannunsa wai hutu yake. A wajenmu ruwa hanya ce ko wajen neman abinci, ka tambayi mutanen Makoko ko masunta a Epe ko wani ya taɓa shiga jirgi don nishaɗi, iyakarmu ranar sallah ko sabuwar shekara a tsallaka Tarkwa Bay a dawo. Amma in ka gane irin kogin sai kaga dalili. Thames daga Kingston inda suka tashi zuwa Oxford inda suka nufa ba faɗi gare shi ba, ruwan a natse yake saboda an yi masa ƙofofi a wurare da yawa, jirgi zai shiga tsakanin ƙofa biyu a rufe a cika ruwa ko a rage sannan a buɗe masa ya wuce, ga hanya a gefen kogi da mutum zai sauka ya ja jirgin da igiya in ya gaji da tuƙi, ga ƙauye da masauki duk bayan ɗan nisa. Ba irin lagun ɗinmu bane da igiyar ruwa da kainuwa mai toshe hanya da manyan jirage, inda ba mai barinka ka hau sai da rigar kariya.

Kuma mutumin ya san ruwa da gaske ba ji yayi ba. Yadda ya bada labarin igiyar jan jirgi da duk yadda ka naɗe ta da kyau sai ka dawo ka tarar ta cukurkuɗe, da yadda iska kullum take fuskantarka ko ina ka juya, da wahalar kafa rumfar jirgi da dare kowa na jan nasa ɓangaren yana zargin ɗan uwansa, duk wanda ya taɓa riƙe filafili zai ce haka ne.

Wanda yafi kashe ni da dariya shine kifin nan. Sun shiga wani masauki a bakin kogi suka ga ƙaton kifi a akwatin gilashi a bango, wani tsoho yace shi ya kama shi ya faɗi nauyinsa, ya fita wani ya shigo yace shi ne, haka mutane suka dinga zuwa kowa da nasa labarin nauyin yana ƙaruwa, har mai masaukin yazo yace duk ƙarya suke shi ya kama tun yana yaro daya gudu daga makaranta. George ya hau kujera ya duba da kyau ya zame ya rungumo akwatin, kifi ya faɗo ya tarwatse, ashe ba kifin gaske bane, da filastar gini aka ƙera shi. Wlh duk wanda ya zauna da masunta da daddare ya san wannan hirar, kifin daya kuɓuce kullum shi yafi girma.

Bakatsine maganar kare gaskiyarka, nima ta tsaya min. Amma al'adarsu ce, karantawa nake ba kwana zanyi a jirgin ba.

Malam_IdiAraba:

Bakatsine ban ƙi taka ba ko kaɗan, ni kaina in yaro bai karanta Imam ba bana fara masa da bature, kuma maganar yaranmu na Legas da basa karanta Hausa ciwo ce da ya kamata a buɗe mata zance na daban. Sai dai ɗaya baya hana ɗaya. Wanda ya saba da labari cikin labari irin namu shi zaifi saurin kama salon Jerome, don shima da an taɓa wani abu sai yace wannan ya tuna min da wani mutum, ya saki tafiyar ya kama wancan. Maganar giya kuma tana ciki ba'a ɓoye ba, mashaya a Ingila ita ce wajen cin abinci da kwanan matafiyi a lokacin, yaro dai a zauna dashi a faɗa masa, abinda yake gani a allunan talla daga Agege zuwa Oshodi yafi wannan nesa ba kusa ba.

Wuraren da kace suna sa barci ka tsallake su babu laifi, littafin baya rushewa. Ɗan Agege ga waɗanda zaka fara ba ƙanenka: Kawu Podger a babi na 3, labarin cuku a babi na 4 inda mai bada labarin ya ɗauko wa abokinsa shi daga Liverpool zuwa Landan wari ya kori kowa daga taragon jirgin, kamar ka shigo lakshiriyas daga Kano da buhun daddawa, sai kuma Harris a lambun Hampton Court mai lungu-lungu a babi na 6, inda yace minti goma ya isa su fita, ya tattaro duk waɗanda suka ɓata suka bi shi har da mai goyo, sukai ta dawowa wuri ɗaya. Ya karanta da ƙarfi kuna ji, rubutun da baki aka yi shi, a kunne yafi daɗi, kuma ya ajiye ƙamus kusa amma kada ya tsaya kan kowace kalma.

Ɗan_Agege:

Nagode ƙwarai Malam, Hajiya nagode, Sarkin Ruwa da Bakatsine Allah ya bar zumunci. Zan nemo masa Ruwan Bagaja ma in haɗa masa biyun. Wai sun kai Oxford ɗin kuwa? Kuma akwai ci gabansa ne?

Malam_IdiAraba:

Sun kai, a hanyar dawowa ne ruwan sama ya tsare su ba ƙaƙƙautawa komai ya jiƙe, suna ta cewa sai sun cika sati biyun ko zasu mutu, da suka zo garin Pangbourne suka bar jirgin a wajen mai gadi suka sulale tasha suka hau jirgin ƙasa zuwa Landan, suka je kallon wasa sannan suka ci abinci mai zafi. Ci gaban yana nan, Three Men on the Bummel na 1900, su ukun dai amma a keke a ƙasar Jamus kuma babu karen, yana da wurare masu kyau sai dai bai kai na farkon ba. BBC sun yi fim ɗin na farko a 1975 da Michael Palin da Tim Curry in kana son gani. Dukansu biyun haƙƙin mallaka ya faɗi tunda Jerome ya rasu tun 1927, suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, ka sauke wa ƙanenka a waya ba sai ka sake sayen wani ba.